Ramuka Talatin a Gindin Gawo

An kwance san Zara'u ranar kasuwar Gidan Amumune, da rana tsaka, lokacin da ba kowa a Garin Ashiru sai tsofaffi da kaji. Ta dawo da la'asar da sauran ƙuli-ƙulin da bai sayu ba, ta zaga bayan gida don ta ba shi dusa, ta tarar da turke tsaye shi kaɗai. Ba ta yi kururuwa ba. Ta ajiye ƙwaryar, ta zauna gefen turken, har maƙwabta suka ga zaman ya yi yawa.

Sa ɗaya ne, fari mai ɗigon baƙi a goshi, kuma shi ne abin da mijinta ya bar mata, shi da 'ya'ya huɗu. Ana hayarsa da amalanke ya ɗauki taki da ruwa da kayan kasuwa, da abin da ya samo ake ɗora tukunya. Ran nan ƙafar amalanken ta fashe, shi ya sa ya wuni gida.

Kafin magariba gari ya gama bincike. Garin Ashiru ba ya ɓata lokaci a irin wannan aiki. An ga sawun takalmin roba irin na makiyaya a gindin turke, kuma makiyayi ɗaya ne ke bi ta bayan gidan Zara'u kullum zuwa rijiya: Bello, wanda shekara talatin ke nan rugarsu tana gabas da gari, yana kiwon shanun mutane yana zuba musu taki a gonaki. Shi ya sayar wa marigayin da san tun yana maraƙi, kuma bara ya ce a bakin rijiya da yana da hali da ya saye shi ya mayar garke. Bara an yi dariya. Bana maganar ta zama shaida.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Na Allah, yayan marigayin, ma'aunin hatsi da ba a taɓa kamawa da kuskuren tiya ɗaya ba.

"Marayun ƙanena ne," in ji shi a ƙofar Maigari. "A kama shanunsa biyu a ba matar ƙanena, a kai shi wajen jandarmomi a Mayahi, ruga kuma ta tashi daga rijiyarmu."

Maigari Yakubu tsoho ne mai tsoron hayaniya, amma ya fi tsoron Allah kaɗan. Ya ce Bello ya zauna zaurensa, ba ɗauri ba duka, a kira Cha'ibu mai bin sawu. In har jibi da hantsi Cha'ibu bai kawo wani suna ba, a yi yadda Na Allah ya ce.

*

Cha'ibu ya iso da sassafe daga Tchaké a kan jakinsa. Siririn dattijo ne mai tafiya kansa a sunkuye, har wasu na ɗaukarsa mai kunya. Ya dubi gindin turken, inda rabin gari ya yi tattaki jiya don ya taya Zara'u jaje.

"Sannunku da aiki," ya ce. "Kun take ɓarawon sarai."

Ya fita bayan dangar gida, ya yi ta zagayawa har ya tsinci sawun san shi kaɗai a kan rairayi. Ya tsuguna ya daɗe. Sannan ya nufi zauren Maigari.

Bello na zaune a kan buzu, malfarsa a gwiwa.

"Bafillace, an ce kai ne."

"Haka na ji, Baba Cha'ibu. Tun jiya nake jira a gaya mini inda na kai shi."

"In za ka tahi da sa, ƙaƙa kake yi?"

"In kira shi, shi biyo ni. In ya ƙi, in koma bayansa da sanda."

"Igiya fa?"

Bello ya dube shi kamar ya zage shi. "Ni in ja sa da igiya? Wanda na sa wa gishiri a baki tun yana tangaɗi?"

"Jiya da rana ina kake?"

"Arewa da fadama, ni da shanu. In shanu na ba da shaida, ina da sittin da uku."

Cha'ibu bai yi dariya ba. A sawun da ya gani, mai takalmin robar nan a gaban san yake tafiya, diddigensa na nutsewa a ƙasa, alamar ja yake da ƙarfi, san yana tirjewa. Ba ɗigon sanda ko ɗaya a gefen sawun. Ya gaya wa Maigari haka. Na Allah, wanda ke zaune nan tun asuba saboda kishin marayu, ya ce Bafillace mai wayo zai iya ajiye sandarsa. Jama'a suka ce ƙwarai. Ba wanda ya ambaci cewa irin wannan takalmi ana zuba shi tuli-tuli a kowace kasuwa daga nan har Tessaoua.

*

Sawun ya yi kudu, wajen hanyar latarit, titin jar ƙasa da motoci ke bi, kamar yadda sawun kowane ɓarawon dabba mai hankali zai yi. Da ya kai rabin hanya sai ya yi abin da Cha'ibu bai taɓa gani ba a shekara arba'in na bin ɓarayi: ya karkata yamma, ya hau tudu.

Kowa ya san tudun nan. Jigawa ce mai gawo ɗaya a kanta, kuma nan kaɗai ne a duk yankin waya ke samun rezo, wato sabis. Da yamma za ka ga mutane tsaye a kai, hannu a sama kamar masu roƙon ruwa. Daga ƙofar masallaci ana hango wanda ke bisa. Mutumin da ke jan san sata da rana tsaka ya bar kwari inda ba mai ganinsa, ya zo wurin da ya fi ko'ina tsiraici.

Bai bi ta inda jama'a ke hawa ba. Ta baya ya zago, cikin ƙarangiya. Ya ɗaure san a saiwar gawo, kuma san ya daɗe a nan, don ya yi kashi har sau biyu. Mutumin ya yi ta kai da kawowa, taku uku gaba, taku biyu baya, yana ɗage diddige. Cha'ibu ba shi da waya, amma ya san wannan rawa. Daga nan sawun ya kwance sa, ya juya da shi wajen gari, taku goma sha ɗaya. Ya tsaya. Ya dawo ya sake ɗaure shi, ya zauna a inuwa.

A inda ya zauna Cha'ibu ya ga abin. Ƙananan ramuka ne da aka danna da babban yatsa, layi uku, goma-goma, a ƙarshen kowane layi an dasa ƙwayar ɗan gawo. Gefe da su an ja wasu layukan, iri ɗaya, har goma sha biyar, sun miƙe iyakar inda hannun mai zaune zai kai, har sai da ya ja gindi ya matsa don ya ƙarasa.

Cha'ibu ya sauka ya ari zana a gidan farko, ya dawo ya kife ta a kan duwatsu huɗu bisa ramukan, ya kewaye da ƙaya. Sannan ya bi sauran sawun har latarit, inda ya ƙare a gefen shatin tayar babbar mota. San Zara'u ya hau kamyo, kuma kamyon da ke bin wannan hanya kudu ba ya dawo da abin da ya ɗauka.

*

Da labarin tudu ya shiga gari, gari ya sake gama bincike. Wa ya fi kowa hawa tudu? Imrana.

Imrana ya yi karatun tattalin arziki a jami'a, ya dawo da lisansi, takardar digiri, ƙasa kuma ta gode masa ta hanyar da ta saba: ta bar shi ya buɗe rumfar cajin waya da faranti biyu na hasken rana. A rumfar nan ya fara nuna wa mutane wani abu a wayarsa, jerin ƙananan kamfanoni na ƙasashen bakin teku waɗanda ake sayar da hannun jarinsu da arha. Aksiyon, in ji shi. Wani dala uku, wani dala biyu, a kuɗin sefa, kuɗin da ba ya sayen allura. Aikin shi ne ka tono wanda ya fi faɗuwa ƙasa, ka saya da yawa, ka jira ya tashi. Mutanen Garin Ashiru sun gane wannan nan take, don haka suke yi da wake tun kakanni: saye da kaka, sayarwa da bazara. Bambancin kawai, wake ana iya dafa shi in kasuwa ta ƙi.

"Mushe, an ce yanzu kai ne," in ji Cha'ibu da ya shiga rumfar, don haka ake kiran ɗan boko a nan, irin na Faransanci.

"Na ji, Baba. Bello ya huta ke nan?"

"Bai huta ba. An ce tare kuka yi."

Imrana ya yi murmushin da ba daɗi a ciki. Ya ce jiya tun safe har la'asar yana kasuwa yana gyara wayoyi, mutum ɗari sun gan shi. Cha'ibu ya dubi ƙafafunsa, dogaye, masu buɗewa waje kamar na agwagwa, ya bar zancen.

"Jiya da rana mi ya faru a kasuwar taku ta cikin waya?"

"Akwai wani kamfanin man riɗi. Ya faɗo daga dala shida zuwa dala biyu. An yi ta yaɗa cewa za a saye shi, ya koma dala goma kafin sati. Na ce wa kowa ya yi hankali. Abin da ya yi arha haka, Baba, sau da yawa akwai dalili."

"Su wa ke saye a garin nan?"

"Na yi rantsuwa ba zan faɗi suna ba. Mutum sha ɗaya ne. Bakwai daga ciki in sun fito masallaci su ke cewa caca ce, haramun ce, ni kuma na lalata gari."

"In kana son sanin aksiyon nawa kuɗinka zai saya, ƙaƙa kake yi?"

Imrana ya danna wayarsa ya nuna masa. "Ita ke lissafin. Ko jariri zai iya."

"Duk sha ɗayan haka suke yi?"

Imrana ya shiga goge wata waya da ba ta da datti.

Da Cha'ibu ya fito ya tarar da Salifu ɗan kabu-kabu yana wanke babur. Ya tambaye shi wa ya ɗauka jiya a mararrabar latarit.

"Mutane da yawa, tsoho. Har Baba Na Allah na ɗauka bayan azahar, ya makara kasuwa. Ya ce gonarsa ta kudu ya leƙa. Ya biya ni bai nemi ragi ba, har na ce ko ba shi da lahiya."

"Da wane takalmi?"

"Ni fuska nake kallo da aljihu. Ƙafa aikinka ne."

*

Ma'aunan hatsi na da, dukansu da ramuka suke lissafi a ƙasa, kuma akwai huɗu a ƙauyukan da ke kewaye. Cha'ibu ya san abin da yake zato. Ya kuma san cewa ba a nuna dattijo mai gemu da zato, a garin da ya riga ya zaɓi ɓarawonsa. Don haka da hantsin ranar wa'adi ya roƙi Maigari a yi zaman a kan tudu, gindin gawo.

Aka hau. Aka zaunar da Bello da Imrana a gaba, Na Allah kusa da Maigari a matsayin uban marayu, Zara'u can gefe cikin mata. Wayoyi suka fara ƙara a aljihuna, saƙonnin kwana biyu na shigowa. Mutane da dama suka yi kamar ba nasu ba ne.

"Ranka shi daɗe," in ji Cha'ibu, "ni jahili ne, ina son a taimake ni da lissahi kafin in yi magana. A ce san nan an sayar da shi jika ɗari uku. A ce aksiyon ɗaya dala biyu. Guda nawa za a samu? Bello?"

"Ban san mi ake kira aksiyon ba. Yana cin ciyawa?"

"Mushe?"

Imrana ya zaro waya, amma Cha'ibu ya ɗaga hannu. "Bari. Waya na iya ƙarya, an ce kai ka koya mata. Malam Na Allah, kai ne ma'auninmu. Bakinka ba ya kuskure."

Na Allah ya ce shi ba ruwansa da caca. Maigari ya ce lissafi ne kawai, ya taimaka a gama, rana na yi. Yabo kuma abu ne da Na Allah bai taɓa iya ƙi ba. Ya gyara zama, ya share rairayin gabansa da gefen hannu.

"Jika ɗaya dala ɗari biyu, aksiyon ɗari ke nan. Jika goma, dubu." Babban yatsansa ya shiga danna ƙasa. Rami goma. Hannunsa na hagu ya lalubo ɗan gawo da ya faɗo, ya ɓare, ya dasa ƙwaya ɗaya a ƙarshen layin. Ya ja na biyu, ya dasa. Ya ja na uku, ya dasa. "Dubu talatin."

"Madalla. In kuma ya tashi ya kai dala goma?"

Yatsan ya riga ya sauka gefe don ya fara sabon layi. A nan ya tsaya.

Cha'ibu ya tashi, ya janye ƙaya, ya ɗaga zanar. Mutane suka matso. Layi uku, goma-goma, ƙwayar gawo a ƙarshen kowanne, kamar an ɗauko na gaban Na Allah an ajiye can. Gefe kuma layi goma sha biyar, ga shatin inda mai lissafin ya ja gindi, ga busasshen kashin sa a gindin saiwa.

"Ɓarawon da ya san aikinsa kwari yake bi," in ji Cha'ibu. "Wanga ya hau tudu da san sata don ya ga ko farashi na nan dala biyu. Ya ji tsoron Allah, ya juya zai mayar da sa, ga sawun nan, taku sha ɗaya. Sai ya ce bari dai shi lissafa tukuna. Da ya ga ukun nan sun zama sha biyar, bai sake duban gari ba."

Na Allah yana kallon layukan sha biyar, kuma a fuskarsa, ban da kunya, akwai wani abu mai kama da kewa.

"Aro na yi," ya ce a hankali. "Sati ɗaya. Da na sayo mata shanu biyu da sabon amalanke. Don marayun na yi."

"Takalmin roba fa?" in ji Maigari.

"Saboda ƙarangiya."

Wataƙila gaskiya ne. Ƙarangiyar bayan tudun tana da yawa. Amma ba ƙarangiya ce ta sa shi kiran jandarmomi ba, kuma ba wanda ya ga amfanin tambayarsa.

Zara'u ta taso daga cikin mata. Tun ranar kasuwa ba a ji muryarta ba.

"Yaya, ina san yake yanzu?"

Ya sa hannu can cikin aljihun 'yar ciki, ya fito da babbar waya wadda ba wanda ya san yana da ita. Ya miƙa wa Imrana ba tare da ya dube shi ba. Imrana ya danna, ya jira, ya sake dannawa.

"Ya sauka ƙasa da dala ɗaya, Inna. Kuma ba mai saye. Masu sayarwa ne kawai, layi guda."

"A bari zuwa jibi," in ji Na Allah da sauri. "Irin wannan in ya faɗi haka, shi ne lokacin da..."

"Yaya," ta ce, "ko a kasuwar Mayahi, akuyar da ta fi arha ita ake fara buɗe wa baki. Kai ka koya wa ƙanenka haka a gabana."

Na Allah ya karɓi wayarsa ya mayar aljihu.

*

Maigari ya yanke cewa gonar Na Allah ta kudu, wadda ya ce ya je leƙawa, za ta zauna hannun Zara'u har ya kawo mata sa kamar nata. Zancen jandarmomi kuwa, waɗanda shekaranjiya suka ce dole ne, yau suka ce abin gida ne, a rufa asiri. Sannan Maigari ya juya ga Bello.

"Ka yi haƙuri. Shaiɗan ne."

"Ba komai, ranka shi daɗe," in ji Bello. Ya sa malfarsa. "Kwana biyu matata ba ta samu mai ara mata guga a rijiya ba. Shi ma Shaiɗan ne."

Mutane suka ce wallahi tun farko ba su yarda ba. Suka bi shi da gaisuwa har gangaren tudu. Cha'ibu ya mayar da zanar gidan da ya aro ta, ya karɓi tiya biyar ta gero da aka saba ba shi, ya ɗaura wa jaki.

Ruga ba ta tashi ba. Washegari da safe, kamar kullum, gidaje suka koro shanunsu bakin gari don Bello ya tafi da su kiwo. Shekara talatin ana sako su ne kawai, ya yi musu kira su bi shi, mai saniya ya koma ya sha kununsa. Ran nan Bello ya tsaya a bakin hanya ya gitta sandarsa.

"A kira mini mutum biyu su tsaya shaida," ya ce. "Kowa shi zo da nasa, shi faɗi guda nawa ne da ƙarfi, a ji."

"Haba Bello," in ji wani dattijo, "mu da kai?"

"Mu da ku, Baba. Naka nawa?"

Dattijon ya dubi ƙasa. "Uku."

"Uku," in ji Bello, ya ɗaga sandar suka wuce, ya sake gitta ta. "Na gaba."